Yadda ake haɗa allunan filawud wajen ƙera ƙaramin kwalekwale

A ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kogin Kwara, kusa da garin Warra da ke ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Rahotannin da suka fito a lokacin sun ce jirgin ya tsufa, an yi masa lodi fiye da kima, kuma rabewa ya yi kafin ruwa ya haɗiye shi. Bayan wannan haɗari da makamantansa, Ma'aikatar Harkokin Sufurin Ruwa da Tattalin Arzikin Teku da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Cikin Gida, wato NIWA, sun sha yin kira da a rage dogaro da jiragen katako wajen jigilar fasinja, a koma ga na faiba.

Kiran ya fi shafar manyan jiragen haya. Masunci mai jefa birgi a tafkin Kainji ko madatsar Tiga, da manomin fadama da ke ƙetare rafi zuwa gonarsa, ƙaramin kwalekwale suke buƙata, wanda kuɗinsa bai fi ƙarfinsu ba. Manyan itatuwan maɗaci da a da ake sassaƙa kwalekwale guda daga gindin ɗaya sun yi ƙaranci, katako mai kyau kuma ya yi tsada. A nan ne filawud ke shigowa. Tun cikin shekarun 1970 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ke wallafa zanen ƙananan jiragen kamun kifi da za a iya ƙerawa da shi, kuma a Turai da Amurka dubban mutane sun ƙera nasu a tsakar gida da kayan aikin kafinta na yau da kullum.

Sai dai filawud na zuwa da matsala guda wadda ba a kauce mata. Tsawon allo ɗaya santimita 244 ne, faɗinsa 122, wato ƙafa takwas da ƙafa huɗu. Kwalekwalen da zai ɗauki mutum biyu da kayan su kuwa yakan kai mita huɗu da rabi zuwa biyar. Dole ke nan a haɗa allo biyu su zama ɗaya, sannan a haɗa gefe da ƙasa. Lafiyar jirgin, da ran wanda ke cikinsa, a kan waɗannan layukan haɗi suke rataye.

Haɗa jirgi daga gutsattsari ba baƙon abu ba ne a kogin Kwara. Mungo Park, ɗan ƙasar Sikotilan da ya isa Segu a Mali ta yau a 1796, ya bayyana cewa jiragen da ya gani a can daga kututture biyu aka sassaƙa su, aka haɗa su kai da kai, haɗin yana daidai tsakiyar jirgi. A 1805 shi da kansa ya harhaɗa sassan tsofaffin jirage biyu a Sansandin ya yi wanda ya gangara kogin da shi, har ajali ya riske shi a Busa a farkon 1806, wurin da yanzu ruwan Kainji ya rufe. Abin da ya sauya daga wancan zamani shi ne kayan haɗin.

Allon kansa

Filawud falle-falle ne na itace da aka fere sirara, aka manne su ɗaya bisa ɗaya, jijiyar kowane falle tana gicciye da ta wanda ke ƙarƙashinsa. Wannan gicciyewa ce ke hana shi tsagewa da kumburi irin na katako. Adadin fallen yawanci mara ne: uku, biyar, bakwai. Na jirgi ya bambanta da na kabad da silin ta fuska biyu. Gam ɗin da aka manne fallensa da shi ba ya sakin jiki ko an dafa shi, kuma yawanci yakan bayyana a gefen allo kamar siririn layi mai duhu. Sannan ba a yarda a bar rami ko giɓi a fallen ciki ba. Ma'aunin da aka fi sani a duniya shi ne na Birtaniya mai lamba BS 1088.

Abin lura shi ne wasu daga cikin itatuwan da ake yin irin wannan allo da su daga Afirka suke fitowa. Okume na Gabon shi ne ya fi shahara saboda rashin nauyi, ko da yake ba ya jure ruɓewa idan ba a rufe shi da kyau ba. Akwai kuma safele, wanda ya fi nauyi da juriya, ya kuma samo sunansa daga garin Sapele na jihar Delta, inda aka kafa babbar masana'antar katako da filawud tun tsakiyar ƙarni na 20.

Hatimin da ke jikin allo ba hujja ba ce, domin buga hatimi ba ya da wuya. Gwajin da masu ƙira ke yi a gida mai sauƙi ne. A yanko ɗan guntu kamar tafin hannu, a tafasa shi awa biyu ko uku, a shanya shi ya bushe ƙayau, a sake tafasawa. Idan fallen suka fara buɗewa, allon na kayan ɗaki ne. A kuma duba gefensa da ido: wanda fallen samansa ya yi sirantaka kamar takarda, cikinsa kuma wani farin itace ne mai taushi da ramuka, ba ya shiga ruwa ya dawo lafiya. Araha dai ba ta ado, a kan ruwa kuwa abin ya wuce maganar ado.

Haɗin fiƙa

Hanya mafi inganci ta tsawaita allo ita ce wadda Turawa ke kira sikaf. Ana fiƙe bakin kowane allo a karkace, kamar yadda almajiri ke fiƙe alƙalamin kara, sai a kwantar da fiƙaƙƙen bakin ɗaya a kan na ɗayan a manne. Idan aikin ya yi kyau, kaurin wurin haɗin daidai yake da sauran allon, kuma yana lanƙwasuwa tare da shi ba tare da wani ƙulli ba.

Dalilin fiƙar lissafi ne. Idan aka kara bakin allo mai kaurin milimita 9 da bakin ɗan'uwansa kai tsaye, gam ba shi da wurin kamawa sai milimita 9 ɗin nan, rabinsu ma ƙarshen jijiya ne wanda ke tsotse gam ya bar haɗin a bushe. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce tsawon fiƙar ya ninka kaurin allon sau takwas. Allo mai milimita 6 yana buƙatar fiƙar milimita 48, mai 9 yana buƙatar 72, mai 12 kuma 96. Ta haka wurin kamun gam ya ninka sau takwas, kuma nauyin da zai hau haɗin yana bi ta tsawon jijiya, inda itace ya fi ƙarfi. Wanda ya ƙara zuwa ninki goma ko goma sha biyu bai yi asara ba, musamman a wurin da allon zai lanƙwasa sosai.

Akwai wani ɗan lissafi da sababbin shiga ke mantawa. Fiƙa tana cin tsawo. Allo biyu masu milimita 9 da aka haɗa ba za su ba da santimita 488 ba, kusan 481 za su bayar, domin bakunansu sun hau juna. Shi ya sa ake fara haɗa allunan tukuna, sannan a zana siffar gefen jirgi a yanka.

Wajen fiƙar, ana jera allunan a kan benci mai ƙwari kamar matakala, kowane allo ya ja baya daga na ƙasansa da gwargwadon tsawon fiƙar, bakin na ƙasa kuma ya zauna daidai bakin benci don kada ya karye. A danne su da kyau, a bi matakalar da abin fere katako mai kaifi har ta zama gangare guda. Allon da kansa yake nuna wa mai aiki ko yana kan hanya: yayin da ake ferewa, layukan gam da ke tsakanin falle za su fito kamar zanen tabarma. Idan suka miƙe sambal, tazararsu daidai, gangaren ya yi. Inda layi ya karkace ko ya yi ciki, to akwai tudu ko kwari a wurin. Bakin ƙarshe yakan yi sirantaka har ya kusa zama gashi, kuma kulawa yake so wajen ɗagawa da juyawa.

Gam da halinsa

Farin gam na kafintoci, wanda ake haɗa kujera da shi, yana yin laushi idan ya daɗe a jiƙe, don haka ba shi da wuri a jikin jirgi. Abin da ya sauya wannan sana'a shi ne efoksi, ruwa biyu da ake gaurayawa su daskare su zama kamar dutse. 'Yan'uwan Gougeon na garin Bay City a jihar Mishigan ta Amurka na cikin waɗanda suka yaɗa amfani da shi a jiragen katako tun farkon shekarun 1970. Fifikonsa shi ne yana cike giɓi, ba ya buƙatar matsi mai tsanani, kuma ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi.

Efoksi ba ya yafe kuskuren awo. Wani kashi biyu ne da ɗaya, wani biyar da ɗaya, kuma abin da kamfani ya rubuta a jikin gwangwani shi ake bi. Masu gyaran jikin mota sun saba da wani nau'in resin na daban, foliyesta, wanda ake ƙara wa sinadarin daskarwa idan ana so ya kama da wuri. Wannan dabara ba ta aiki a efoksi. Duk abin da aka ƙara bisa awo ba zai sami abokin haɗuwa ba, sai ya bar gam ɗin da danƙo da rauni har abada. Foliyesta kansa ya fi araha, ya fi samuwa a kasuwa, an kuma ƙera jirage da yawa da shi a baya, amma kamunsa ga itace bai kai na efoksi ba, kuma yakan ɓare bayan 'yan shekaru idan danshi ya shiga ƙarƙashinsa.

Ana shafa gam sau biyu. Da farko a shafa tsinkakke a fuskokin biyu, a ba shi 'yan mintuna, a ƙara a duk inda itacen ya shanye ya bar wurin ba sheƙi. Sannan a kaurara sauran da lallausan garin katako da aka tankaɗe, ya yi kaurin kindirmo, a shafa a fuska ɗaya, a haɗa. Ana shimfiɗa leda sama da ƙasa don kada allon ya manne da benci. Fuskokin biyu da gam a tsakaninsu suna da santsi, don haka ake kafa ƙananan ƙusoshi biyu ta cikin haɗin su riƙe shi kada ya zame, sannan a ɗora miƙaƙƙen katako a kai, a danne da bulo ko buhun yashi. Matsin da ake so shi ne wanda zai sa gam ya ɗan ɓullo a tsawon layin duka. Idan aka wuce haka, an matse gam ɗin waje, an bar itace da itace.

Yanayi ma yana da ta cewa, kuma littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su cika la'akari da zafin watan Afrilu a Yawuri ko Lakwaja ba. A ƙiyasi, duk ƙarin digiri goma na zafi yana rage lokacin aikin efoksi da kusan rabi. Shi kansa yana fitar da zafi yayin daskarewa, ta yadda wanda aka bari cunkushe a kofi zai iya yin hayaƙi ya sandare cikin mintuna kaɗan. Maganin shi ne a yi aikin da sanyin safiya a inuwa, a riƙa gauraya kaɗan-kaɗan, a zuba a faranti mai faɗi, a kuma nemi sinadarin daskarwa mai jinkiri. Da damina allon kan sha danshi, sai an ajiye shi a busasshen wuri kwanaki kafin aiki. Danshin iska kuma yakan bar wani maiƙo a saman busasshen efoksi, wanda sai an wanke da ruwa an goge da samfefa kafin a ƙara wani shafi. Hunturu ya fi dacewa da bushewar itace, sai dai a yi hattara da ƙura. Safar hannu wajibi ce, domin yawan taɓa fata da ɗanyen efoksi na jawo ƙaiƙayi da ƙuraje waɗanda idan suka kama mutum sukan dawo duk lokacin da ya sake kusantarsa.

Haɗin faci

Wanda bai amince da hannunsa a fiƙa ba yana da mafita. Ana kara bakunan allon biyu a miƙe, a manna wani guntun filawud mai kauri iri ɗaya a bayan layin, ta cikin jirgi, jijiyarsa tana bin ta allon. Ga allo mai milimita 9, facin da ya kai santimita 15 zuwa 20 a faɗi ya wadatar. Haɗi ne mai ƙarfi, ba ya kuma cin tsawo. Aibinsa biyu ne: wurin ya ninka kauri, saboda haka ba ya lanƙwasuwa daidai da sauran allon, sannan bakin facin yana tare ruwa da laka, inda ruɓa ke farawa. Ana rage wannan da fere gefunan facin a karkace.

Wasu kan maye gurbin facin katako da ƙyallen faiba da aka jiƙa da efoksi, a manna ciki da waje. Ya fi dacewa da siraran alluna. Hatsarinsa yana lokacin juyawa, sa'ad da fuska ɗaya kaɗai aka yi wa ƙyalle: idan ba a tallafe shi da katako ba, haɗin zai karye kamar ƙyauren da aka buɗe ta baya.

Ko wace hanya aka bi, ba a jera haɗin gefe da haɗin ƙasa a layi ɗaya, kamar yadda magini ba ya jera bakin bulo a kan bakin bulo. Ana kuma nisantar da haɗi daga inda allon ya fi lanƙwasa. A haɗin fiƙa, leɓen da ke waje yana kallon bayan jirgi, don idan jirgin ya goga dutse ko kututture, abin ya zame a kansa maimakon ya ɗaga shi.

Ɗinki da manni

Saura haɗa gefe da ƙasa. Tsohuwar hanya ita ce a kafa ƙwarangwal na katako, a bi kusurwa da dogon katako, a manna allo a kai a ɗaure da sukurori. Sabuwar hanya ta fito ne daga Ingila a ƙarshen shekarun 1950, daga wani malamin koyar da aikin katako mai suna Ken Littledyke, wanda ya riƙa ɗinke allunan ƙananan jiragensa. Ta shahara a duniya da jirgin Mirror, wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara a 1962 da goyon bayan jaridar Daily Mirror. Tsawonsa mita 3.3 ne, kuma an ƙera fiye da 70,000, da yawansu a gidajen mutanen da ba su taɓa ƙera jirgi ba.

Ana huda ƙananan ramuka a gefen allunan, kamar santimita ɗaya daga baki, tazarar santimita 10 zuwa 15, a zura wayar jan ƙarfe ko igiyar roba ta ɗaure wayar lantarki, a ɗaure sako-sako. Yayin da ake ƙara matse ɗinkin, allunan da kansu suke ɗaukar siffar jirgi. A wannan gaɓa ake tsayawa a auna: daga goshin jirgi zuwa kusurwar baya ta dama, da zuwa ta hagu, dole tsawon ya zo ɗaya. Murɗewar da aka bari gam ya kama ba ta gyaruwa, kuma jirgin zai riƙa janyewa gefe guda muddin yana kan ruwa.

Daga nan a cike kusurwar ciki da efoksi mai kauri sosai, wanda ba ya zuba daga jikin sanda, a lailaye shi da bayan cokali ya yi kwarmi mai santsi, a shimfiɗa ƙyallen faiba a kai tun bai gama daskarewa ba. Ƙyallen da ya jiƙu da kyau yakan zama garau har a ga itacen ta cikinsa, farin tabo kuwa alamar iska ce ko ƙarancin gam. Bayan ciki ya kama, a cire wayoyin, a kifa jirgin, a fere kaifin kusurwar waje ta yi kumbo, domin ƙyallen faiba ba ya kwanciya a kan kaifi, sannan a manna na waje. Ƙyalle biyun nan da abin da ke tsakaninsu su ne ke riƙe jirgin. Wayar aikinta ya ƙare tun da gam ya kama.

Ruwa ya fi shiga filawud ta baki, inda ƙarshen jijiyoyi ke buɗe, ya bi ta cikin falle ya ruɓar da shi alhali fuskar waje tana nan kamar sabuwa. Kowane baki da kowane ramin sukuru yana buƙatar shafin efoksi biyu ko uku. Hasken rana kuma yana cin efoksi, don haka sai an rufe shi da fenti.

Kafin a ɗauki mutum

Ana gwada sabon kwalekwale a ruwa marar zurfi, da buhunan yashi a madadin mutane, a bar shi 'yan awanni a duba kowane layi. Lissafin lodinsa ba shi da wuya, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da shimfiɗar cikinsa ta kai murabba'in mita uku zai ƙara nutsewa da santimita ɗaya a duk kilo 30 da aka ɗora masa. Mutum uku da kaya, a ce kilo 300, za su saukar da shi santimita goma. Daga nan mai jirgi zai san abin da ya rage tsakanin bakin jirgi da ruwa, ya ja layi da fenti wanda ba za a wuce ba.

Jarkoki biyu ko uku na lita 25, babu komai a ciki, a toshe su a ɗaure tamau ƙarƙashin mazauni, kowace tana iya tallafar kusan kilo 25 idan jirgin ya cika da ruwa, abin da zai sa ya tsaya a sama mutane su riƙe. Irin wannan kwalekwale na su ne da ƙetare ruwa mai kwanciya da mutum biyu ko uku. Jigilar fasinja don kuɗi tana ƙarƙashin dokokin NIWA, waɗanda suka tanadi rajistar jirgi, suka hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, suka kuma wajabta wa kowane fasinja sanya rigar kariya daga nutsewa.